Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Ɗalibanmu Na Ƙetare Da Hakkin Da Ke Wuyanmu

Akwai wani irin labari da ya zama ruwan dare a ƙasar Adar, tun daga fadojin shayi na Bilbis da Fakuwa a birnin Tawa har zuwa zaurukan Tebaram da Takanamat, wato labarin ɗanmu da ya tafi neman ilimi ƙetare. Lokacinsa hutun damina ne, sa'ad da ɗalibai suka dawo ganin gida, kuma da dariya ake ba da shi. Sai ka ji an ce wane ya sauka Mosko cikin watan Nuwamba da shaddarsa mai aiki da silifa, kafin ya kai masauki bai san inda yatsunsa suke ba. Wane kuma ya shiga jirgin ƙasa a Paris ya yi sallama, ya hau tambayar na kusa da shi gajiya da iyali, mutumin ya tashi ya sake kujera. Wani ya yi makonni yana rayuwa da burodi da ruwan shayi, domin bai iya karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani ba, yana tsoron kada ya ci alade. Wata kuwa a tashar mota ta kwana rungume da akwatinta, saboda wanda aka ce zai tarye ta ya bar garin tun bara. Kowa sai ya kece da dariya, har da mai labarin, don ya ga hakan ya fi masa sauƙi da a ce masa raggo.

A ganina lokaci ya yi da mu malamai da ƴan ƙungiyoyin al'adu za mu daina taya wannan dariya. Ruwa ba ya tsami banza. Duk labarin da ka ɗauka cikin waɗannan, in ka bi sawunsa, gida zai dawo da kai, wurin wani babba da ya san amsa bai faɗa ba, ko wata ƙungiya da ta shirya liyafar ban kwana ta manta da guzuri. Muna shafe shekara goma sha uku muna shirya yaro don ya ci jarrabawar bakaloriya, amma ba ma iya ware kwana bakwai mu shirya shi ga rayuwar da jarrabawar za ta kai shi.

Abin da ya ƙara wa wannan sakaci muni shi ne, a Nijar kaf babu wanda zai koya wa Ba'adare tafiya. Tun cikin ƙarni na 18 Malam Jibril ɗan Umar, wanda sunansa ke haɗe da Agadas da Adar, kuma wanda Shehu Usman ɗan Fodiyo ya yi karatu a gabansa, ya je Makka sau biyu, ya zauna Masar, ya karɓi ijaza daga babban malami Murtala al-Zabidi. Irin wannan tafiya ba ta yiwuwa sai da ayari, da masauki, da malamin da zai miƙa ka ga wani malami. Fatake ma haka suka yi, suka kafa zango a Kumasi da Akara, da Sabo a Ibadan. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna cikin Hausawan Sabo a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a 1969, inda ya bayyana yadda maigida yake saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi. Wannan tsari bai mutu ba. Yau in saurayin Tebaram ya gama girbi ya yi niyyar tafiya biɗa zuwa Abijan, ko da bai taɓa shiga aji ba, ya san motar da zai shiga, ya san kuɗin da ake kashewa a hanya, ya san unguwar da zai sauka da sunan maigidan da zai kama masa hannu har ya sami abin yi. In ciwo ya kama shi ƴan garinsu su yi karo-karo, in ta Allah ta kasance su yi masa sutura su aiko da labari. To, yaya aka yi wanda ya ci bakaloriya yake fita da guzurin da bai kai na ɗan ci-rani ba? Amsar tana da ɗaci: mun ɗauka boko ya raba shi da bukatar maigida, mun ɗauka wanda ya iya Faransanci ya iya duniya.

Waɗanda muke kwaikwayo ba haka suke yi wa nasu ƴaƴan ba. Daga 1987 zuwa 2011 Jami'ar Boston ta Amurka tana turo ɗalibanta Yamai su yi zangon karatu. Suna da masauki, suna da mai kula da su, ana koya musu Hausa ko Zabarmanci. Ƴan sa-kai na Peace Corps, waɗanda suka yi aiki a Nijar daga 1962, sai sun yi makonni a Hamdallaye suna koyon harshe da gaisuwa da ladabin cin tuwo cikin gidajen jama'a kafin a kai su ƙauyuka. A watan Janairu na 2011, da aka sace wasu Faransawa biyu a Yamai aka kashe su, ba a daɗe ba aka kwashe ƴan sa-kan, shirin Boston ma ya tsaya, domin akwai wanda ya san yawansu da inda kowanne yake kwana. Ba'amurken da zai yi wata huɗu a ƙasarmu an koya masa yadda ake cewa “ina gajiya”, namu kuwa da zai yi shekara biyar a ƙasar wasu ba a gaya masa ko farashin rigar sanyi ba. Ana kiran abin musayar ɗalibai, amma musayar da ɗaya ya zo da shiri ɗaya ya tafi da addu'a kawai ba ta cika sunanta ba.

Bari mu fara da kuɗi, tunda can ne yawancin labaran ban dariya suke samo tushe. A ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, ɗaliban da iyayensu ke aika wa kuɗi suka wayi gari da rabin abincinsu. Tun 1999 yuro ɗaya yana daidai da sefa 656 in an cike lissafi. Shekaru da dama Faransa tana neman ɗalibi ya nuna shaidar yuro 615 a kowane wata kafin ta ba shi biza, wato jika 403 da ɗoriya. A 2019 kuma ta ɗaga kuɗin rajistar digirin farko ga waɗanda ba ƴan Tarayyar Turai ba daga yuro 170 zuwa 2,770, ko da yake jami'o'i da dama sun yafe ƙarin. A gefe guda, mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a Nijar a 2024 jika 42 ne. Ke nan abin da ake nema a hannun ɗalibi a wata ɗaya ya kusa kai albashin ƙaramin ma'aikaci na wata goma. Uban da ya sayar da shanu biyu a kasuwar Tawa ya miƙa wa ɗansa kuɗin yana ganin ya yi masa gata na shekara, alhali kuɗin haya da ajiyar mai gida za su cinye su kafin sanyi ya shiga. Babu wanda ya zaunar da uban ya yi masa wannan lissafi, kuma malamin lissafi yana nan cikin garin.

Wanda ya dogara da tallafin gwamnati, wato burs ɗin da hukumar ANAB ke kula da shi, shi ma ya san jinkirin biya tsohon ciwo ne. Yana daga cikin koke-koken da suka fitar da ɗalibai zanga-zanga a Yamai ranar 10 ga Afrilu 2017, ranar da ɗalibi ɗaya ya rasa ransa. Ɗalibin Yamai in burs ya yi jinkiri yana da gidan kawu da zai je ya ci tuwon dare. Na Rabat ko Aljas ba shi da kawu, sai mai gidan haya da ba ya jin “sai wata ya kama”. Sa'an nan takunkumin da ƙungiyoyin CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba wa Nijar daga 30 ga Yuli 2023 zuwa 24 ga Fabrairu 2024 ya nuna mana cewa hanyar aika kuɗi da kanta tana iya toshewa, ko da kuɗin suna hannu.

Bayan kuɗi sai harshe. Mai zuwa Turkiyya da tallafin gwamnatin ƙasar sai ya yi shekara guda yana koyon Turkanci, mai zuwa Rasha ma akwai shekarar share fage da ke jiransa. Mai zuwa Maroko ko Aljeriya zai ji Faransanci ko Larabcin littafi a aji, amma mai sayar da tumatir da direban tasi da darija za su yi masa magana. Mai zuwa Sakkwato ko Kano ko Zariya kuwa a kasuwa yana gida, a aji yana baƙunta, domin da Ingilishi ake karatu. Duk wannan sananne ne tun kafin a sayi tikiti. Haka nan batun takardu: takardar zama da ake sabuntawa kafin ta mutu, inshorar lafiya, mai tsaya wa ɗalibi wajen kama ɗaki, da kuma tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato ko takardar shaidar da makarantar za ta ba shi tana da daraja in ya dawo gida. Hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, tana tantance takardun manyan makarantu a ƙasashe mambobinta, amma iyaye nawa ne a Bambai ko Afala suka taɓa jin sunanta kafin su miƙa dukiyarsu ga dillalan makarantu?

Ko ibada ba ta tsira ba. Tawa tana kusan daraja 15 arewa da tsakiyar duniya, don haka azuminmu ba ya wuce awa 14 da ƴan mintoci ko a lokacin da rana ta fi tsawo. A shekarun 2015 zuwa 2017, da Ramadan ya faɗo cikin watan Yuni, mai azumi a Paris yana kama baki kusan awa 18, ga kuma jarrabawar ƙarshen shekara. Yaron da bai taɓa jin malami ya yi bayanin hukuncin matafiyi da marar lafiya da abincin Ahlul Kitabi ba, ɗayan biyu ne zai same shi: ko ya ƙuntata wa kansa har ya kwanta, ko ya yar da komai gaba ɗaya yana jin ya riga ya ɓata. Ga kuma kaɗaici, ciwon da harshenmu bai saba ambata ba. Wanda ya tashi a gidan da ba a rufe ƙofa, sai ga shi cikin ɗaki shi kaɗai, rana ta faɗi tun ƙarfe biyar, kuma in ya kira gida ba ya iya cewa yana cikin damuwa, don an riga an gaya wa dangi duka cewa ya haye.

A shekarun baya-bayan nan lamarin ya wuce sanyi da yunwa. Da yaƙi ya ɓarke a Yukiren ranar 24 ga Fabrairu 2022, ɗaliban Afirka sun koka cewa ana tura su baya a tashoshin jirgin ƙasa da kan iyaka, har Tarayyar Afirka ta fitar da sanarwar nuna damuwa ranar 28 ga watan. A Tunisiya, bayan jawabin shugaba Kais Saied na 21 ga Fabrairu 2023 a kan baƙin haure, an kori baƙar fata daga gidajen haya, ɗalibai masu cikakkun takardu suka ɓuya a ɗakunansu, ƙasashen Gini da Mali da Kodebuwa suka aika jirage suka kwashe mutanensu. A Sudan faɗa ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, ya rutsa da ɗaliban Jami'ar Afirka ta Khartum, inda Hausawa suka daɗe suna karatu. Ɗaliban Najeriya sun yi kwanaki a kan iyakar Masar kafin su isa Abuja a farkon watan Mayu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, ta rufe ofishin jakadancinta a Janairu 2024, waɗanda suka riga suka sami gurbin karatu suka tsaya cirko-cirko. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, da an tara mu a Tawa an ce mu kawo sunayen ƴaƴan Adar da ke can, da garin da kowanne yake, da lambar wayarsa, wace makaranta ce ko wace ƙungiya ce za ta iya miƙa takarda?

Na san amsoshin da za a ba ni, domin an daɗe ana maimaita su. Ta farko ita ce ta tsofaffin ɗalibai: mu ma haka muka sha, wahala ce ke gina mutum. Masu wannan magana waɗanda suka tsallake ne. Wanda ya faɗi jarrabawa don ya yi sanyin farko ba bargo, wanda takardarsa ta mutu ya koma ɓuya, wanda kunya ta hana shi dawowa hannu rabbana, ba sa zuwa taro balle su ba da nasu labarin. Wahalar karatu daban, wahalar rashin sani daban. Ta farkon tana ƙara ilimi, ta biyun shekara take ci, wani lokaci har da lafiya. Babban da ya faɗa rami ya fito, sa'an nan ya bar ƙanensa ya bi hanyar da dare bai ce masa komai ba, bai isa ya kira wannan tarbiyya ba.

Amsa ta biyu ita ce aikin gwamnati ne. Gaskiya ne biyan burs a kan lokaci da kare ɗan ƙasa a waje nauyi ne na hukuma da ofisoshin jakadanci, kuma ba za mu gaji da tuna musu ba. Amma ba minista ba ne zai gaya wa yarinyar Kalfu irin takalmin da ake sawa cikin ƙanƙara, ba jakada ba ne zai tarye ta a tasha da tsakar dare.  Bugu da ƙari, ɗalibai da yawa da kuɗin iyayensu suke fita, babu sunansu a kundin kowace hukuma. Jingina komai ga gwamnati hanya ce mai sauƙi ta wanke hannu.

Amsa ta uku ta fi sauran ƙarfi a wannan zamani: su zauna gida mana, tunda tun 2010 Tawa tana da jami'arta, ƙetare kuwa ba ta koya wa yara sai girman kai. Ina murna da jami'armu, kuma duk abin da ake iya koyo a gida ya kamata a fara shi a gida. Sai dai a dubi sunayen da ke ƙofar jami'o'in namu. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, a Paris ya zurfafa a ilimin kimiyya, ya je Tarayyar Sobiyet ya ƙware a kan makamashin hasken rana, ya dawo da shi gida, kuma littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka yana daga cikin waɗanda suka fara kare koyarwa da harsunanmu. Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya yi karatu a Faransa, sa'an nan ya ba mu tarihin Adar kafin zuwan Turawa a littafinsa na 1975. Tafiya ba ta raba su da gida ba, domin sun fita da sanin inda suka fito.

Wannan shi ne guzurin da ya fi ƙaranci a jakar ɗalibanmu, kuma laifinsa a kanmu yake kai tsaye. Ranar da aka ce kowane ɗalibi ya gabatar da ƙasarsa, namu sai ya ɓata rabin lokacinsa yana bayanin cewa Nijar daban Najeriya daban, sauran rabin kuma ya karanto alƙaluman talauci da wasu suka rubuta a kanmu. Ya yi shekara uku yana shiga Lise Agabba bai san wane ne Agabba ba, bai san ta yaya ɗan sarkin Agadas ya kafa sarautar Adar ba. Zai iya rubuta shafi goma da Faransanci, amma wasiƙar Hausa mai ƙa'ida ta gagare shi, alhali ana koyar da Hausa a INALCO ta Paris da jami'ar Warso da jami'ar harsunan waje ta Beijin, kuma kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana ta harshen ƙasa. Baƙon da ba shi da abin bayarwa kullum a ƙasa yake zama, kuma shi ne wanda kalma ɗaya ta raini take karya wa zuciya.

Abin da nake kira gare shi bai fi ƙarfinmu ba. Na farko, kowace lise a jahar Tawa da kowace ƙungiyar ƴan asalin gari ta buɗe kundi: sunan ɗalibi, ƙasa da gari da makaranta, lambar waya, da sunan babban da ya karɓi amanarsa a can. Kada yaro ya tashi sai an san maigidansa, ko tsohon ɗalibi ne ko ɗan kasuwa. Na biyu, tsakanin fitowar sakamakon bakaloriya da lokacin tafiya a ware mako guda, a gidan matasa da al'adu na Albarka Cibau ko a kowane aji da ke rufe saboda hutu, waɗanda suka dawo su koyar da masu tafiya, a gayyato malamin addini da likita, a sa iyaye su zauna a yi musu lissafin kuɗi dalla-dalla. Ɗalibai mata a haɗa su da matan da suka riga su zuwa, don akwai tambayoyin da ba a yi a gaban maza. Na uku, a kafa asusun gaggawa irin wanda ƴan kasuwarmu na ƙetare suka daɗe da shi, a ranta wa ɗalibi kuɗin haya in burs ya yi jinkiri, ya biya in ya samu. Na huɗu, duk wanda ya dawo ya rubuta ƴan shafuka da Hausa a kan garin da ya zauna, farashinsa da dokokinsa da ramukansa, a ajiye a ɗakin karatu, mujallu irin wannan su buga mafi kyau. Ɗaliban makarantar William Ponty a zamanin mulkin mallaka an sa su rubuta al'adun garuruwansu don amfanin Bature. Mu sa namu su rubuta garuruwan wasu don amfanin ƙannensu. Na biyar, mu tuna musaya hanya biyu ce. Sakkwato ta fi Yamai kusa da Tawa, kuma yadda muka karɓi ɗalibin da ya zo mana daga wata ƙasa, haka muke koya wa yaranmu abin da ya kamata su nema a ƙasar wasu.

Ya ku malamai da shugabannin ƙungiyoyi, masu iya magana sun ce da ɗan gari akan ci gari, sun kuma ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sakamakon bakaloriya zai fito a bana kamar yadda yake fitowa kowace damina, wasu yaran Tebaram da Barmu da Tawa za su ɗaure kaya. Kundi littafi ɗaya ne da alƙalami, aji kuma yana nan a rufe yana jiran mai buɗewa. Wanda ya fara a makarantarsa, sauran za su bi. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su da ilimi mai amfani, mu kuma ya ba mu ikon sauke nauyin da ke wuyanmu.